Abah Engkos da Iskar da Darsa Ya Bari

Idan aka idar da sallar asuba, Abah Engkos, wato Baba Engkos a bakinmu, ba ya komawa ɗaki. Yakan biya wajen mai gahawa ya karɓi kofinsa da soyayyar ayaba guda biyu, ya buɗe rumfarsa, ya shimfiɗa tsohon zani a kan tebur. Sai ya jera kayan aikinsa ɗaya bayan ɗaya, kowanne a inda ya kwanta jiya. Shekara arba'in da bakwai ke nan yana haka. A ƙarshen watan nan zai rufe rumfar, domin hannu ya soma rawa, ido kuma ya ce ya gaji. Rai dangin goro ne, hutu yake so. Ni dai zuciyata ba ta so, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

A garinmu Cipacing, in ka ce wani yana gyaran bindigar iska ba ka faɗi komai ba, kusan kowane lungu akwai maƙeri. Sai dai samarin yanzu duk sun koma kan sababbin nan masu tukunyar iska. Abah ya tsaya kan tsofaffi, masu famfo a ƙarƙashin bututu, irin waɗanda suka zo daga Amurka da Japan tun zamanin iyayenmu. Da yawansu ba su da lamba a jiki, ba takarda, ba mai shaida. In kana son sanin shekarun taka, wajensa za ka kai ta.

Ina zaune wata rana wani mai babbar mota ya zo daga babban birni Jakarta, ya zaro bindiga daga jakar fata yana lallaɓa ta.

"Abah, ta 1952 ce. Wanda ya sayar mini har rantsuwa ya yi."

Abah ya karɓi bindigar. Ya bi inda aka liƙe bututun tagulla da babban yatsansa, ya leƙa makullin kunamar, sannan ya kai ƙotar hanci ya shinshina.

"Bututun kam ya girme ka," in ji shi. "Ƙotar kuwa ƙanin babana ne ya sassaƙa ta a bayan gidan nan, shekarar da dutsen Galunggung ya yi aman wuta. Ga inda wuƙarsa ta saba zamewa. Amma kada ka ɓata rai, ta fi ta asalin zama a kafaɗa."

Mutumin ya shigo da alfahari ɗaya, ya fita da wani, har yana tambayar sunan marigayin don ya rubuta.

Ni ma ban tsira ba. Tun ina koyarwa a firamare nake harbin gwangwani ranar Lahadi, kuma har na yi ritaya gwangwanayen garin nan ba su taɓa jin tsorona ba. Na ɗauka ƙarfi ne ya yi kaɗan, sai na danna wa tawa famfo goma sha huɗu, bawul ɗin da ke riƙe iskar ya cije, ta ƙi tashi. Da na kai masa ya dube ni ta saman tabarau, ya kira ni da sunan da kowa ke kirana, Pak Guru, wato malamin makaranta.

"Pak Guru, kai da ka koya wa rabin garin nan lissafi, takwas ce ta gagare ka? Famfo takwas, ka tsaya. Mai kuma ɗigo uku, ba miya kake yi ba."

Yabon gwani ya zama dole, amma ba don wannan kaɗai nake jinjina masa ba. Abin da ya sa ni rubutu ya faru ne a watan jiya.

Ceu Icih ce, wato Yaya Icih, ta shigo da bindiga a naɗe cikin zani. Matar marigayi Darsa ce, Kang Darsa kamar yadda take kiransa don girmamawa, wanda ya rasu shekara shida da suka wuce ya bar mata gonar kwakwa a gangaren dutse. Da gonar take ci, kurege kuma ya tasar mata.

"Abah, kurege ya mai da gonata gidan ubansa," ta ce. "Na sauko da bindigar Kang Darsa, na ja famfon, sai lilo yake ba ya kama iska."

"Fatar famfon ce ta bushe. Aikin yini ɗaya ne, Ceu."

Ya miƙa hannu zai ja kunamar, kamar yadda yake yi wa kowace bindiga kafin ya kwance ta. Ta dafe bindigar da hannu biyu.

A nan sai na yi wa wanda bai sani ba bayani. Irin waɗannan bindigogi ba a rataye su wayam. Mai ita yakan yi mata famfo ɗaya kafin ya ajiye, don iskar ta danne robar bawul kada ƙura ta shiga. Abah ne ya koya wa duk garin wannan, har da Darsa. Safiyar da za a kai Darsa asibiti, yana numfashi da ƙyar, sai da ya sa aka miƙo masa bindigar ya yi mata famfonta ɗaya. Bai dawo ba. Tun ranar ba wanda ya taɓa kunamar.

"Ka gyara mini ita," in ji Ceu Icih, "amma kada iskar nan ta fita. Hannunsa ne ya sa ta."

Ni da nake gefe na riga na ga mafita. A raina na ce, ya ce mata to kawai, in ta tafi ya zaga baya ya harba, ya gyara, ya sake yin famfo ɗaya ya miƙa mata. Wa zai bambance iska da iska? Har ido na kashe masa, Allah ya yafe mini. Bai ko kalle ni ba.

"Ceu, ba na sa hannu a bindiga da iska a cikinta. Ko da na yi, kuregen farko shi zai tafi da ita. Zaɓi biyu ne, ko bindigar ta koma bango, ko ta koma gona."

Ta dubi bindigar. Can ta ce, "To iskar tana nan ma kuwa? Shekara shida fa."

"Ni na sa robar bawul ɗin da hannuna, kuma na yi iyakar ƙoƙarina. Amma roba ce, Ceu. Ban sani ba. Ba mai sani sai an ja kunama."

Ta tashi ta tafi, ta bar bindigar a tebur. Kwana huɗu tana rataye can saman bango, Abah yana gadinta. Masu zuwa hira, waɗanda hannunsu ba ya ganin bindiga ya ƙyale, duk ya kora su benci na waje, har da ni.

Ranar Lahadi da hantsi ta dawo, ta sha kwalliya kamar mai zuwa ɗaurin aure. Muka zaga bayan rumfa wajen ayaba. Abah ya ce ana iya harbawa haka nan ba harsashi.

"Kang Darsa bai taɓa harba iska a banza ba," ta ce. "Sa mini."

Famfo ɗaya ba shi da ƙarfi, don haka ya kafa gwangwanin madara taku biyar kacal. Sau biyu 'yar darmar tana suɓuce masa, a na uku ta shiga. Ya ɗora mata ƙotar a kafaɗa, ya gyara mata gwiwar hannu, ya ja baya. Na dubi fuskarsa, na ga tsoron da ban taɓa gani a kanta ba. In kunamar ta yi ƙaras kawai, to shekara shida matar nan tana kwana da bindiga wayam.

Ta yi bismilla ta ja. Bindigar ta yi 'yar ƙara, tas, gwangwanin ya tuntsure.

Ceu Icih ta daɗe tana kallon gwangwanin a ƙasa, sannan ta goge ido da gefen mayafi tana dariya.

"Ku ji mutumin nan. A rayuwarsa bai taɓa tunawa ya rufe akurkin kaji ba, amma wannan bai manta ba." Ta juya wajen Abah. "Ashe yana nan. To gyara ta, Abah, kurege na jira."

Ranar ya yanka sabuwar fata, ya jiƙa ta da mai, ya ɗaura. Aikin da a da yake gamawa kafin azahar sai da ya kai shi la'asar, kuma bai yarda kowa ya taya shi ba. Ita ce bindiga ta ƙarshe da ya karɓa.

Kai ne, Abah, mai karanta shekaru da yatsa. Kai ne ka riƙe tsofaffin bindigogin garin nan lokacin da kowa ya juya musu baya. Ba a taɓa kiranka taro an rataya maka komai ba, kuma na san in an karanta maka wannan cewa za ka yi Pak Guru ya rasa aikin yi.

Ku kuma samarin maƙera, saura mako biyu. Ku je ku zauna a bencinsa, ku sha faɗa, hannun ne ya gaji, bakin yana nan da kaifinsa. Ku koyi yanka fata da sa roba yadda za ta shekara shida ba ta saki ba. In kun koyi wannan, ku koyi ɗaya abin, wanda ya fi wuya.

Allah ya saka maka da alheri, Abah Engkos, ya sa hutun ya yi albarka. Mun gode da ka ƙi yi wa Ceu Icih ƙaryar da har abada ba wanda zai kama ka da ita.