Jan Fenti a Bangon Hajiya Zulai

Cikin shekarun da na yi ina aiki a Jidda, ranar da ta ƙi fita a raina ita ce ranar da Hajiya Zulai ta ritsa ni da burushin fenti a hannu.

A lokacin an fara aikin layin jirgin ƙasa mai gudu tsakanin Makka da Madina. Ni lebura ne a wani kamfanin awo. Injiniya zai auna, duk gidan da layin ya bi ta kansa sai in rubuta masa lamba da jan fenti, in ƙara kalma ɗaya ta Larabci: izala, wato a rushe. Injiniyanmu, wani Bamisire mai surutu, ya ce a wasu ƙasashe sai jama'a sun jefa ƙuri'a kafin hukuma ta ci bashin gina irin wannan jirgi. Mu dai nan ba a tambayi kowa ba, umarni ya zo, muka ɗauki gwangwani.

A wata unguwa ta kudancin gari akwai gidan da kullum muka dawo sai mu tarar an shafe rubutunsa da farar ƙasa. Injiniya ya yi ta faɗa, ya ce halas, wato ya isa haka, in sake rubutawa. Ni ma na gaji, rana tana dukana.

Ina cikin rubutun sai ga wata tsohuwa, Hajiya Zulai, ta fito, ta hau ni da faɗa da Hausar Damagaram. Ashe ita ce mai shafewa. Tun da ta zo aikin hajji ba ta koma ba, tana sayar da ƙosai a ƙofar gidan da take haya, ba ta da iƙama, wato takardar izinin zama. Baƙaƙen allo ta iya, da su ta karanta.

"Ni za ka rubuta wa izala a bango? Ubana ɗan ɗariƙa, mijina ɗan ɗariƙa. Wa ya aiko ka?"

Dariya ta zo mini, ta maƙale. Larabcinta na kasuwa ne, a kasuwa kuwa rusau hadad ake ce masa. Duk makonnin da maƙwabta ke neman wurin komawa, ita tana zaune tana zaton sharri ake mata.

Na durƙusa na ce, "Inna, ba aƙida ba ce. Hadad ne. Jirgi zai bi ta ɗakinki."

Sannan ta tambayi diyya. Na gaya mata gaskiya, mai takardar fili ake biya, ɗan haya ba shi da komai, kuma wa'adi ya kusa cika. Raina ya ɓaci ƙwarai, don ban san inda za ta nufa ba, ita ma ba ta sani ba.

"To ɗana, rubuta hadad ɗin. Kada a ce na canza hanya da tsufana."

Dokar aiki ba ta yarda a canza kalma ba. Na rubuta tasu, na rubuta tata a ƙasa da manyan baƙaƙe. Injiniya ya gani, ya kau da kai.

Abin da nake gaya wa sababbin ma'aikata ke nan: rubutu a bango ba sanarwa ba ne. A yi sallama, a gaya wa mutum da bakin da yake ji. Da na yi haka tun farko, da ba a kwashe kayanta an zube a bakin titi tana zaune a kai ba.