Tsohon Raton Gidan Mushe Hima

Wannan abin da zan ba ku labari da ni ya faru, ba a bakin wani na ji ba, kuma duk wanda ya san ni ya san ba na cikin masu ganin aljani a kowane lungu. Shekara huɗu ke nan ko biyar, lokacin ina da ƴar rumfar gyaran tele a Dar Salam, nan Yamai, na fi shekara goma da barin garinmu can ƙasar Maraɗi. Ban da gyara, ina ɗaura wa mutane eriya a kan rufi, irin mai haƙoran nan da mu a nan muke ce wa rato saboda ta yi kama da raton shara, wato manjagara, wadda in ka haɗa ta da dekoda sai ka kalli tashoshin gida kyauta, ba ruwanka da biyan wata. A wannan aikin kuwa, ba yabon kai ba, ban ɗauka akwai wanda zai koya mini komai ba.

Wata safiya lokacin sanyi, ana tsakiyar kokowar ƙasa, wata mata ta tsayar da moto, wato babur, a ƙofar rumfata. Hawa sunanta, tana aiki a wani biro, wato ofis, a unguwar Filato. Ta ce rato take so, wanda ya fi kowane kyau, a ɗaura shi yau ɗin nan a gidan mahaifiyarta a Yantala, kuma lallai hoto ya fito kafin la'asar. Ni kuma na buɗe mata karatun da nake yi wa kowa, cewa ba tsawon rato ne magana ba, sai an duba nisan gida da tasha, an duba ko akwai bene ko babbar bishiya a gaba, cewa mai amfili yana ƙara ƙarfi amma in kuran, wato lantarki, ya yi rawa shi ma sai ya yi rawa, cewa waya mai kyau ta fi rato mai tsada. Ban kai rabi ba ta katse ni.

"Malam, ka zaɓa kawai, ni ban san wannan ba. Ka dai sa ta ga ɗanta."

A nan tsaye ta ba ni labarin. Mahaifinsu, Mushe Hima, tsohon malamin lakwal ne, wato makarantar boko, waɗanda a nan ake wa laƙabi da Mushe, mutum mai magana ɗaya. Ɗansa namiji guda, Jibo, ya bar karatu ya bi kokowa, har ya koma wata jiha yana shigar musu fili. Ranar da aka fara nuna shi a tele, shekara goma sha ɗaya kafin wannan rana, tsohon ya hau rufi da kansa ya ciro raton gidan ya jefar, ya rantse a gaban iyalinsa cewa muddin yana numfashi ba zai kalli ɗansa tsirara da layu yana birgima a ƙasa ba, kuma ba a gidansa ba. Tun daga ranar gidan ba a ƙara kallon komai ba. To Mushe ya rasu wata biyu da suka wuce, uwar tana takaba, ba ta fita ko gidan maƙwabta, idonta kuma ba ya ganin hoton wayar hannu. Jibo ya ce bana ce shekararsa ta ƙarshe, ga shi an zo matakin da duk wanda ya faɗi ya tafi gida. In ba ta gan shi yau ba, mai yiwuwa ba za ta taɓa ganin abin da ɗanta ya sayar da karatunsa da ubansa a kansa ba.

Na ɗauki sabon rato mai amfili, dal a kwalinsa, da waya da dekoda, na bi ta. Gidan ƙarami ne, rufin kwano, da wani rago ɗaure a tsakar gida mai son tsinke igiya. Tsohuwar tana zaune a kan tabarma, ta lulluɓe, muryarta can ƙasa, Hausarta irin ta Zabarmawan Yamai. Na durƙusa na yi mata gaisuwar rashi. Da ta ga kwalin hannuna sai ta nuna mini saman ɗakin awaki, ta ce, "Ɗana, ga na gidan can." Na duba, wani tsohon rato ne ya yi tsatsa, ya lanƙwashe, haƙora uku sun zube, kuma irin na da ne, na tun kafin zuwan dekoda. Na ce, "Inna, wancan ya yi ritaya."

Ga yadda aikinmu yake, ga wanda bai sani ba: mutum biyu yake so. Ɗaya a sama yana juya sandar, ɗaya a ƙasa yana kallon tele yana ɗaga murya, koma kaɗan, dawo, ya yi. To Hawa dole ta koma biro, mai takaba kuma ba ta ɗaga murya ga baƙon namiji. Sai muka yi dabara, na nuna wa Inna layin da ke jikin gilashin tele, na ce in ya cika ya yi kore ta buga ludayi a kwano. Hawa ta fita, ni da hannuna na sa wa ƙofar gida sakata saboda ragon nan. Ku riƙe wannan.

Na hau. Na yi abin da kowane mai ɗaura rato ke fara yi, na dubi rufin maƙwabta, duk ratocinsu sun fuskanci wuri guda kamar sahun salla, na saita nawa haka. Shiru. Na juya hagu, na juya dama, na ƙara tsawon sanda, na cire amfili, na mayar, na canza waya, na sauka na duba dekoda lafiyarta lau, na sake hawa. Wallahi tun hantsi har aka kira azahar ludayin nan bai taɓa kwano ba. Zufa ta jiƙa ni cikin sanyin nan, kuma abin da ya fi damuna ba kunyar sana'a ba ce, duk saukar da zan yi sai tsohuwar ta ɗago ta dube ni. Na yi salla a gefen tsakar gida, ta miƙo mini fura, sannan a hankali ta sake cewa, "Ɗana, ka gwada na gidan."

Don kunya kawai na yarda, tsakanina da Allah. Na sauko da shi, na kankare tsatsar wurin ɗaura waya, na miƙe abin da zai miƙu. Lokacin uku ta wuce. Inna ta ce ita ta makara da salla, za ta shiga ɗakinta can ƙurya ta yi, in ta idar za ta dawo wurin kwano. Na ga shigarta. Na hau da niyyar in ɗaure shi haka nan in sauko in duba da idona.

Ina cikin ɗaurewa sai na ji murya ta tagar salo, wato falon da tele take, daidai ƙasan inda nake. Muryar dattijo ce, a natse, ba gaggawa.

"Hagu."

Na ɗauka wani ƙanen mamacin ne ko maƙwabci ya shigo, har na ji daɗi na samu mataimaki. Na juya. Sai ya ce, "Hagu na ce, ɗan nan. Ba ka san hagunka ba?" Irin faɗan nan na malamin lakwal, har na yi dariya ni kaɗai. Na bi hagun. Ya ce, "Kayna." Ina jin Zabarmancin kasuwa, na san kaɗan yake nufi. Na ƙara kaɗan, ya ce kayna, na ƙara, ya ce kayna, har rato ya ba sauran ratocin unguwa baya. Na ce, "Baba, ai can babu tasha." Ya ce, "Ni ke kallo ko kai?" Na ci gaba da juyawa.

Can sai ya ce, "Kay."

Ni Bahaushe, kunnena ya ji "kai", na zaci kirana yake, na ce, "Na'am, Baba." Ya ce, "Tsaya nake ce maka. Ɗaure nan." A daidai lokacin na ji gangar kokowa ta tashi daga cikin salo, da muryar mai sharhi, tar kamar a filin kake.

Na ɗaure, na sauko da murnata in gaida dattijo in yi masa godiya. Salo ba kowa. Tele na ta yi, hoto garau, layin ya cika ya yi kore. Gaban telen akwai wata tsohuwar kujerar ƙarfe mai igiyar roba, wadda da safe na gan ta a jingine can bayan ƙofa an ɗora mata darduma, yanzu ga ta a tsakiyar ɗaki ta fuskanci tele. Na leƙa tsakar gida, rago na kwance yana tuƙa. Na je ƙofa, sakata na nan yadda na sa ta. Ban ji tsoro nan take ba, gaskiya, kaina ne kawai ya yi fayau, na tsaya riƙe da sakata ina ta dubanta.

Inna ta fito da carbi a hannu. Na ce, "Inna, wane ne ya shigo?" Ta ce ba kowa. Na ce wani dattijo ya yi mini jagora, na faɗa mata yadda ya ce, har da maganar hagun. Ta dubi kujerar ta daɗe, sannan ta shimfiɗa tabarmarta a gefenta, ba ta taɓa ta ba, ta ce in zauna in ga aikina. Na zauna a bakin ƙofa.

Bayan la'asar aka kira Jibo. Ƙato ne, baƙi, ya fara furfura a gemu. Ta matsa har goshinta ya kusa taɓa gilashi. Sun daɗe suna zagaya juna da wani yaro mai jini a jika, ya kai hannu, yaron ya kauce, aka sarƙe, aka rabu, aka sake sarƙewa, daga ƙarshe dai gwiwar Jibo ta taɓa ƙasa. Ya tashi ya kaɗe rairayi, ya rungume yaron, ya ɗaga masa hannu da kansa, fili ya ɗauki tafi. Na ji tausayinta ƙwarai, na ce, "Inna, sai haƙuri." Ta girgiza kai, hawaye na zuba, amma fuskarta a sake take.

"Na gan shi," ta ce. Sannan ta juya wajen kujerar. "Cewa ya yi muddin yana numfashi. Bai taɓa karya rantsuwa ba, shi ya sa ya jira."

A lokacin ne tsikar jikina ta tashi, kuma har yau in na tuna sai ta tashi. Da zan tafi na tsaya a titi na ɗaga kai don in ga ina raton nan ya dosa, tunda dai na san ba tasha ba. Duk wanda ya san Yantala ya san ta ina maƙabarta take. Can ya fuskanta.

Na tambayi tsofaffin sana'a, wasu suka ce sigina ce ta bugi wani bene ta dawo, yana faruwa, ni ma na sani. Amma ba wanda ya gaya mini wane bene ne ke jawo kujera, ko yake sanin hagun mutum. Sabon raton da ya ƙi, washegari na ɗaura shi a wani gida a Dar Salam, ya kama tun kafin in ƙarasa ɗaure shi. Kakata tana hana mu amsa kiran da ba mu ga mai shi ba, ga shi ni da girmana na ce na'am da bakina, shi ya sa har yanzu in ina kan rufi aka ce "kai" sai na leƙa na ga fuska tukuna.

Shawarata gare ku, in za ku sayi rato ku duba nisa, ku duba waya, kada kwali mai ƙyalli ya ruɗe ku, kuma in tsohuwar gida ta ce a gwada na gidan, a gwada. Ku kuma iyaye, ku yi hattara da rantsuwa a kan ƴaƴanku cikin fushi. Mushe Hima shekara goma sha ɗaya ya yi yana son ya ga yaron nan, harshensa ya hana shi, kuma ba kowa ne ake ba damar dawowa ya ja kujera ba.