Kujerar da Auta Ya Ce a Ba Yaron

Ina zaune a soro bayan la'asar wayar Auta ta yi ƙara a aljihuna. Auta ƙanina ne, shi ne na ƙarshe a ɗakinmu, kuma a lokacin ko arba'in bai yi da rasuwa ba. Ni nake riƙe da wayar saboda masu kira da ba su ji labari ba. Na ciro na duba. Saƙo ne daga wani zauren hira da yake ciki, wani ya rubuta: "An ba yaron kujera. Allah sarki Auta, da ma yana nan."

Na karanta, na sake karantawa.

Ciwon sikila ne ajalinsa. A ranarsa ta ƙarshe a asibiti ba ya magana sosai. Umma, mahaifiyarmu, tana zaune daidai kansa, ni ina tsaye. Sai ya buɗe ido ya ce, da murya sarai kamar lafiyarsa ƙalau, "Kujerar nan, yaron ya kamata su ba." Daga nan ba mu ƙara jin komai a bakinsa ba sai kalmar shahada da muke laƙƙana masa.

Umma ta ɗauki maganar a matsayin wasiyya. Tun ana zaman makoki take tambaya: wace kujera, wane yaro? Akwai wata farar kujerar roba da Auta yake zama a kai a ƙofar gida. Ta sa aka wanke ta aka shigar ɗakinta. Ta yi tunanin ɗana ne yaron, sai ta tuna Auta ba ya ce masa yaro, "Alhaji ƙarami" yake ce masa. Ta aike ni wurin kafintan layinmu a Yakasai ko Auta ya ba da aikin kujera. Ya rantse bai ba shi ba. Wani kawunmu ya ce ai maganar siyasa ce, kujerar kansila, har ya fara lissafa mana 'yan takara. Limamin masallacinmu ya gaya mata cewa maganar da ba a gane ba babu nauyinta a kan kowa. Ta ce ta ji, ta gode. Amma abinci ba ta ci, kuma duk wanda ya shigo gaisuwa sai ta tambaye shi.

Don haka ban shiga cikin gida da saƙon ba. Na kira lambar da ta turo shi. Wani saurayi ya ɗauka, da ya ji muryata sai ya ce, "Yaya, kai ne? Ka yi haƙuri, wallahi mun kasa cire lambarsa daga zauren ne." Ya kwatanta mini shagonsa na gyaran waya a Ƙofar Mazugal.

Na same su su biyu, mai shagon da wani dogo mai gilashi. Na gane fuskokinsu, sun zo jana'iza. Muka gaisa, suka sake yi mini ta'aziyya. Na ce musu ba zama na zo yi ba, tambaya ɗaya ce: wane yaro aka ba kujera?

Suka kalli juna. Mai shagon ya ce, "Yaya, maganar tseren motoci ce fa."

Na san Auta yana kallon wasu motoci masu kama da ƙadangare a waya ranar Lahadi. Ina yi masa tsiya in ce mutumin da ko Adaidaita bai taɓa tuƙawa ba. Iyakar sanina ke nan.

Dogon ya fara yi mini bayani a hankali, kamar mai koyar da ɗan aji ɗaya. Kowace ƙungiya mota biyu take sawa, don haka direba biyu. Gurbin direba shi ake ce wa kujera. Idan shekara ta kusa ƙarewa, sai a fara canje-canje: wannan kwantiraginsa ya ƙare, wancan ya tsufa, sai a ɗauko sabon shiga daga ƙananan gasa. Akwai wata ƙungiya da kujerarta ɗaya ba a san mai hawa ba, kuma Auta ya shafe watanni yana musu a kan cewa wani yaro sabon shiga ya kamata a ba, ba tsohon direban da ake ta ambata ba.

Na ce, "Yaron ɗan ina ne? Auta ya san shi?"

Mai shagon ya yi dariya, ya yi sauri ya kama bakinsa. "Ina fa, Yaya. Bature ne. Bai ma san akwai Kano ba."

Na zauna a kan bencin da na ce ba zan zauna ba. Ban san abin da nake ji ba. Na ce, "To shi ke nan, an ba shi. Zan je in gaya wa Umma."

Dogon ya gyara gilashinsa. "Wato... ba a ba shi ba tukuna."

"Kai, an ba shi!" in ji mai shagon.

"Wa ya ba shi? Kai? Wani ne kawai ya rubuta a intanet, ya ce wai an ga uban yaron yana cin abinci da shugaban ƙungiyar."

"To me zai kai shi cin abinci da shi? Ɗaurin aure?"

"Makon jiya ma haka ka ce kwanfam ne, har ka saya mana lemo."

"Kuma ka sha!"

"Na sha mana. Lemo ai ba ya ƙarya, kai ne mai yi."

Suka manta da ni. Suka shiga kiran sunaye da ban iya maimaitawa ba: idan wannan ya koma can, wancan zai sauko nan, sai kujera ta uku ta buɗe, sai dai in mai kuɗin talla ya ƙi. Ina kallon bakinsu ina ƙoƙarin bi, na ɓace tun a direba na biyu. A cikin hayaniyar mai shagon ya juya gefen hagunsa ya ce, "Kai gaya masa..." Babu kowa a wurin. Na gane nan ne Auta yake zama. Dogon ya sunkuyar da kai.

Da suka lafa, sai dogon ya ce akwai wani abu kuma. Sababbin shiga biyu ne ake yi wa zancen kujerar, kuma dukansu Auta "yaron" yake ce musu. Da farko yana bayan ɗaya, amma kafin ya kwanta asibiti ya fara yabon ɗayan. Mai shagon ya ce ƙarya ne, Auta bai taɓa canzawa ba, tsokana ce kawai. Suka buɗe tsofaffin saƙonninsa suna nuna mini, kowa yana nuna wanda ya dace da maganarsa. Na ga rubutun ƙanina, da barkwancinsa, da wani zafin kai da ban san yana da shi ba. Amsa ce dai ban gani ba.

Na dawo gida gab da magariba. Na yi tunanin in ce wa Umma an ba yaron, magana ta ƙare, ta samu ta ci abinci. Na kasa. Na zauna a bakin ƙofarta na gaya mata yadda na ji, gwargwadon abin da na fahimta. Ta saurara ba ta katse ni ba.

Ta ce, "Wato wasa ne."

Na ce, "Wasa ne, Umma. Amma shi bai ɗauke shi wasa ba."

Sannan ta tambaya ko motocin suna gudu sosai. Na ce sosai. Ta ce, "Kuma uwarsa ta bar shi?" Na ce ban sani ba. Ta ce to Allah ya tsare mata shi. Ranar ta ci tuwo kaɗan, na gani da idona.

Na zaci an wuce wurin. Washegari da na shiga gaishe ta, ta ce, "Cikin yaran nan biyu, wanne yake nufi?" Na ce abokansa ma sun kasa rabewa. Ta ce in riƙa duba mata, duk wanda aka ba in zo in faɗa mata, ita za ta gane ko shi ne.

Ban san ta yadda za ta gane ba, ban kuma tambaye ta ba. Ina duba zauren hirar kullum. Suna ta musu, jiya ma wani ya kawo sunan direba na uku. Har yanzu ƙungiyar ba ta sanar ba.