Majigin Mazarƙwaila

Jikokina sun mai da ni abin tsokana a kan fim. Duk tsohon fim ɗin da aka kunna a falo sai wani ya juyo ya ce, "Kaka, wannan ma ba ki gani ba? Tun kina budurwa fa aka yi shi, duk duniya ta gani." Sai in ce ban gani ba, kuma ban rame ba. Na Indiya masu rawa a kan dutse, na Turawa masu harbi a kan doki, duk na sha labarinsu a bakin maza tun ana hawa mota daga Makarfi a tafi silima Zariya, kuma ko sau ɗaya zuciyata ba ta ce mini tashi ki je ba. Fim ɗaya ne rashin ganinsa ya tsaya mini a maƙoshi. Jikokin nan ko labarinsa ba su sani ba, alhali a zamaninsa ya fi duk waɗancan suna a ƙasarmu. Majigin mazarƙwaila muke ce masa, kuma mijina na fari yana ciki.

Ni 'yar Kudan ce. An kai ni gidansa a wani ƙauye a ƙasar Dandamisa, a ranin farko bayan an karɓi mulkin kai. Sana'arsa rake. Ya noma a fadama, ya sare, ya matse a injin da doki ke ja yana zagayawa, ya dafa ruwan a babban kasko har ya yi kauri, sannan ya zuba a ƙananan kwanoni ya daskare. In ya dawo gida ƙudan zuma na biye da rigarsa. Mutum ne mai surutu da tsokana, ni kuwa an yi mini tarbiyya irin ta da. Ba na faɗin sunansa, har yau ɗin nan ma hannuna ba zai rubuta ba, kuma ba na ɗaga ido in dube shi. In na durƙusa na ajiye tuwo, ƙafafunsa nake gani. Na san babban yatsansa na hagu da farcen ya tsage, na san tabon ƙunar kasko a bayan hannunsa, na san ƙeyarsa in zai fita. Fuskar kuwa sai a sace, in ya juya yana magana da wani, ko a hasken aci-balbal wanda ba ya nuna komai sai inuwa.

Abin yana ba shi dariya. Yakan ce, "Ke wata rana za a kawo miki wani ƙato a ce ni ne, ki karɓa ki ba shi tuwo." In ja mayafi in ce, "Kai dai Malam ba ka rabo da magana."

A lokacin matsar rake ta shekara ta biyu, wata rana da hantsi ya shigo gida a guje yana neman rigarsa ta salla. Wai wasu mutane sun zo da mota daga Kaduna, da na'ura mai ƙafa uku, za su ɗauki yadda ake mazarƙwaila a nuna wa jama'a a majigi. Na ciro rigar daga adaka, na kakkaɓe, ya zura ya fita yana taku ɗaiɗai. Da la'asar ya dawo da ita a naɗe a hammata. Sun ce ya cire, wai wa ya taɓa ganin mai dafa rake da aska takwas. Da tsohuwar taguwarsa mai ɗanƙo aka ɗauke shi, abin da ya yi ta yi wa ƙorafi ke nan yana wanke ƙafa.

"Sannan suka ce in yi dariya," in ji shi. "Na ce dariyar me, mutum na gaban wuta hayaƙi na shiga masa ido? Mai na'urar ya ce in tuna wani abu mai ban dariya. Ina tunawa kuwa sai ga ta ta zo, har na kusa sakin ludayi a kasko."

Ina tsugune ina hura wuta, na ba shi baya. Na ce, "Me ka tuna?"

"Ke na tuna."

"Ni? Me na yi?"

"A'a, ba yanzu ba. Sai ranar da aka kafa ƙyallen majigi kika kalle ni son ranki, tunda a gida kin ƙi. Ranar zan faɗa miki."

Na yi magiya, na yi fushin ƙarya, na hana shi yaji a tuwo, bai faɗa ba. Shi mutum ne da in ya sami abin ja miki rai ba ya sakinsa da wuri.

Ranar da aka fara kawo majigin Makarfi ina Kudan, gidan iyayena, ina wankan jegon 'yata ta fari. Sai labari ya yi ta iso ni. Wai an ga dokinsa, wai an ga hayaƙi kamar ka miƙa hannu ka taɓa, wai da ya ɗago kai ya yi dariyar nan duk filin ya kwashe tare da shi ba wanda ya san dalili. Motar majigi ta zaga ƙasa da shi. Fatake daga Kano da Katsina in sun zo sarin mazarƙwaila sai su tsaya su ƙura masa ido su ce, "Kai ne mai dariyar nan?" Sunan ya bi shi. Ni da nake matarsa, a bakin mata masu zuwa barka na ji cewa yana da wushirya ƙarama a ƙasa. Na gyaɗa kai kamar na sani.

Bayan na koma ɗakina aka sake kawowa wani gari kusa da mu, tafiyar da ba ta kai ta gajiyar da mai goyo ba. Matan gidanmu suka yi shiri tun azahar, mazansu sun yarda. Shi ma ya leƙo ya ce in ɗauko mayafi. Ni kuwa na hango kaina a tsakiyar matan nan, fuskarsa ta cika ƙyalle, kowa ta juyo tana zungurina tana guɗa, sai na ji ba zan iya ba. Na ce, "Me zan je gani a ƙyalle, ga mutum a gida?"

Ya ce, "To ai mutumin gidan ma ba kya kallonsa."

Muka yi dariya, ya tafi da su, na zauna ina tankaɗen gari. Ban ɗauki abin a bakin komai ba. Majigi yana dawowa kamar yadda kaka ke dawowa, kowa ya san haka, kuma ni da shi duka-duka nawa muke.

Da bazara sanƙarau ya shigo ƙauyen. Ya ɗauki yara biyu a maƙwabta, sannan ya shigo gidanmu ya zaɓi mafi ƙarfi a cikinmu. A kwanakin nan kunya ta bar ni. Na riƙe kansa a cinyata, na ɗiga masa ruwa a baki, na kalli fuskarsa kallon da ban taɓa yi ba. Amma ba tasa ba ce. Wuyan ya sandare ya ja kan baya, idanun sun juye, leɓen ya tsattsage, bai san wa ke riƙe da shi ba. Ita ce kaɗai fuskarsa da na ƙare wa kallo a duniya, kuma ita ce ta zauna mini. Bayan an kai shi, duk sanda na rufe ido ita ke zuwa. Ina so in tuna shi yana dariya, sai in ji sautin sarai, amma fuskar da ke biyo sautin ta ciwo ce. Ba mu da hotonsa ko ɗaya, a ƙauyen nan wa ke ɗaukar hoto.

Na shiga takaba a ɗakin mahaifiyarsa, Inna. Ba kwalli, ba lalle, ba fita. Na yi haƙuri da duk wannan, bai ma dame ni ba. Saura 'yan kwanaki in fita, wata rana da yamma muka ji lasifika daga bakin kasuwa, ana cewa jama'a maza da mata a hallara a filin makaranta bayan magariba, ga majigi ya zo, har da na mazarƙwaila na mutumin garinku. Masu motar ba su san ya rasu ba. A ganinsu abin farin ciki suka kawo mana, kuma wannan ne zuwansu ƙauyenmu na farko.

Ina riƙe da tsintsiya, ban san sanda ta faɗi ba. Na je na durƙusa gaban Inna. Ita ta gane. Ta aika aka kira ƙanen mijinta, Baffa, malamin da ke ba mu fatawa a gidan. Ya tsaya a bakin ƙofa daga waje, ta faɗa masa, ta ƙara da cewa, "In ta lulluɓa ta tsaya can baya cikin duhu, wa zai gane ta?"

Ya ce, "'Yata, wallahi da na san wata ƙofa da na buɗe miki. Mai takaba tana fita in lalura ta kama, kallo kuwa ban ga inda aka sa shi cikin lalura ba. Kin yi mai yawa, saura ƙiris. Ki cika masa wannan. Majigi zai dawo." Ban taɓa riƙe shi a zuciya ba, abin da ya sani ya faɗa, kuma shi ma ɗansa ne ya rasa.

Inna ta ce to ita za ta je. Ta goya 'yata, ta ce ko ba ta da wayo a kai ta ta ga ubanta. Gidan ya watse, aka bar ni ni kaɗai. Na ɗauki tabarma na kai jikin katangar da ta fi kusa da filin na zauna.

Komai ina ji. Na ji injin wuta ya tashi. Na ji mai bayani a lasifika yana ta barkwanci, aka yi na auduga, aka yi na tsabtar rijiya, yara na ihu. Sannan ya ce, "To ga naku ya zo." Ya ce ga doki yana zagaye, ya fi wasu magidanta aiki. Aka ɗan yi dariya. Ya ce ga gwani a bakin kasko, ku dubi hannu, ku dubi juyi. Ya ce, "Yanzu ku lura da kyau, zai ɗago kai." Nan ne a ko'ina fili ke kwashewa da dariya. A garinmu shiru ya biyo baya, shirun da har ƙarar zaren fim ɗin nake ji yana juyawa. Sai wata murya ta tsaga shi da salati, muryar Inna ce. Mai bayani ya fara wata magana ya tsaya a tsakiya, ina jin wani ya raɗa masa. Na san a daidai wannan lokacin mijina yana can tsaye da lafiyarsa yana dariya, dariyar da ni ce dalilinta, tsakanina da shi katanga ɗaya da gonar rogo. Na kifa goshina a jikin katangar na yi kukan da ban yi ba ranar da aka fita da shi.

Da Inna ta dawo na karɓi yarinyar, ta yi barci tun ana na auduga. Na ce, "Inna, yaya yake?"

Ta zauna a bakin gado tana kwance ɗankwali. Ta ce, "Lafiyarsa lau, 'yar nan. Har ƙiba ya yi."

Majigi ya dawo, Baffa bai yi ƙarya ba. Bayan na fita takaba na koma Kudan, daga baya na yi aure a Ikara, kuma duk inda na ji lasifika ina can gaba-gaba cikin yara, ba kunyar kowa. Na ga na takin zamani, na ga na rigakafi, na ga na auduga har na haddace. Na mazarƙwaila bai sake fitowa ba. Na sa yayana ya tambayi direban motar, ya ce wannan ai an nuna shi har ya tsitstsinke, an yi ta liƙi, daga baya aka mayar, bai san inda ya ƙare ba. Mijina na biyu, Allah ya jiƙansa, mutumin kirki ne. Bai taɓa tambayata me ya sa matar da ba ta damu da silima ba take rawar jiki a kan majigin rijiya ba. Ina jin ya sani.

Abin da ya tuna ɗin nan kuwa, na bi zamanmu kaf ina nema, ga shi zaman ba shi da yawa. Ko ranar da dokinsa ya yi haniniya na watsar da tulu na ruga ɗaki ne. Ko ranar da na zuba kanwa a miya a maimakon gishiri ya cinye bai ce komai ba. Na fi zargin ranar da ƙanensa ya shigo sanye da takalmansa, na durƙusa na ajiye masa tuwo na ce sannu da zuwa Malam, alhali Malam ɗin na tsaye a bayana. Wata shekarar in tsaya a kan wannan, wata shekarar in ce a'a, wani abu ne da ni ban ma san na yi ba. Shi kaɗai ya sani, kuma ya ce sai na gani.

Kwanakin baya babban jikana ya ji ina wannan labarin, ya ce ai yanzu ana tono irin waɗannan tsofaffin finafinan ana sa su a waya, zai bincika mini. Ya ce, "Kaka, yaya kamanninsa, don in na gani in gane?"

Na buɗe baki. Na ce yana da tabon ƙuna a bayan hannu. Na ce farcen babban yatsansa na ƙafar hagu a tsage yake. Yaron yana jira in ci gaba, ni kuwa iyakar abin da idona ya riƙe ke nan. Fuskar ciwon ma da na yi shekaru ina roƙon Allah ya ɗauke mini, ya ɗauke, bai bar komai a gurbinta ba.

Na ce masa ya bincika. Amma tun ranar ina jin tsoro. Ina tsoron ya samo, ya miƙo mini wayar, wani saurayi ya ɗago kai daga bakin kasko ya yi dariya, in juya in tambayi yaron ko shi ne.