Kaset ɗin Yaya da Aka Wanke

Har gobe in na wuce shagon mai tura waƙoƙin nan na bakin tasha, sai raina ya ɓaci.

Yayana direba ne, Daura zuwa Kongolam, kuma Allah ya jarabce shi da son wani tsohon kaset na Turawa masu jita da ganguna. Ko kalma ɗaya ba ya ji, amma haka zai yi ta bin su da baki. Wata rana a tsakar gida ya danna maɓallin ɗauka bisa kuskure, muryarsa ta hau kan waƙa ta uku. Yana dariya yana ce wa Inna miyarta ta yi gishiri, ita kuma tana cewa ya je ya auro wadda ta fi ta iyawa. Bayan rasuwarsa, iyakar abin da ya rage mana na muryarsa ke nan. Duk Juma'a sai Inna ta sa na kunna mata.

Da rakodarmu ta fara cin zare, na kai kaset ɗin shagon a juye min a memori. Na ce, "Malam, yadda yake za ka juye shi." Ya ce an gama.

Da na koma, na tarar da mutumin nan baki har kunne. Wai ya samo min sabon fitowa a intanet, Turawan da kansu suka sake wanke shi, har numfashin mawaƙin ana ji. Wai nawa duk ya dushe, ga wani ƙato yana surutu a tsakiya. Na ce ina kaset ɗina? Ya ce ai ya tsinke a na'ura, ya jefa a shara, an kwashe.

Wallahi ban san lokacin da na shaƙo wuyan rigarsa ba. Wa ya aike ka? Numfashin Bature na zo nema? Mutane suka taru suna ba ni haƙuri, wani har da cewa ai gwaninta ya yi min. Wace gwaninta, gyaran gangar Auzinawa dai. Na karɓi memorin na bar wurin.

Na rasa bakin da zan gaya wa Inna. Juma'a ta zo, ta ce in kunna, na kunna. Sauti tas, kowace tsirkiya tana fita. Waƙa ta uku ta zo ta wuce, Inna ta karkata kai tana jira.

Sai ta ce, "Mayar min baya, ɗan nan. Ina jin kunnen nawa ne ya fara tafiya."