Mai Ɗinkin Littattafai na Ranar Alhamis

A wata jami'a da ke birnin Malang, ba a ba ɗalibi rigar bikin yaye sai ya kai wa ɗakin karatu kyautar littafi ɗaya, an buga masa hatimi a takarda. Ma'aikaciyar wurin kuwa ba ta bugawa sai wani dattijo da ake kira Pak Darmaji ya duba littafin ya sa hannu.

Pak Darmaji ba ma'aikaci ba ne. A nan ya yi karatun noma shekara arba'in da suka wuce, ya yi aikin malamin gona a ƙauyukan shinkafa har ya yi ritaya. Tun daga nan, kowace Alhamis yakan hawo tsohon babur ɗinsa da allura da zare da gam a jaka, da shinkafa ƙunshe a ganyen ayaba, ya wuni yana ɗinke littattafan da suka yage. Da la'asar sai ya shiga ajin kwamfuta da tsofaffin ɗalibai suka buɗe, inda ake tsokanarsa wai yana danna haruffa kamar mai dashen shinkafa.

Ratri, ɗalibar ajin ƙarshe, ba ta san wannan ba ranar da ta zo. Saura kwana biyu bikin, iyayenta sun riga sun yanki tikitin jirgin ƙasa daga ƙauye, hatimin nan kaɗai ya rage mata. Ta biya kasuwar tsofaffin littattafai ta ɗauki mafi araha. Ta ga babu shafi goma sha shida a tsakiya, ta ce a ranta wa zai ƙirga.

Tsohon ya ƙirga. Yana lasar yatsa yana buɗawa. Da ya kai wurin ya tambaye ta ko ta sani. Ta ce sam ba ta lura ba, ta ƙara da cewa ai yanzu komai na cikin waya.

Bai yi faɗa ba. Ya gaya mata yadda yana shekara ta uku a jami'ar ya yage babi guda daga wani littafi da kwafinsa ɗaya tilo ɗakin karatun yake da shi, don ya yi bita shi kaɗai. Abokinsa Sarwono ya nemi babin bai samu ba, ya faɗi jarrabawar, ya koma ƙauye. Har Sarwono ya rasu bai san wanda ya yage ba.

"Shi ya sa kike ganina da allura, jikata," in ji shi. Ya sa hannu. "Je ki. Iyayenki ba su yi laifin komai ba."

Ta sa rigar, an yi hotuna, amma har a wurin walima maganar tsohon ba ta bar ranta ba.

Alhamis ta gaba ta koma. Ta tarar ya aro wani kwafin littafin yana kwafe shafukan da suka ɓace da alƙalami, a hankali. Bai wuce shafi na uku ba. Ta tsaya a gabansa.

"Kaka, ran nan na sani."

"Na san kin sani." Ya matsa mata a benci, ya miƙo alƙalamin. "Rubutunki dai ba tonon kaza ba ne ko?"

Ta karɓa da hannu biyu, ta fara daga shafi na huɗu.