Baban Auta da Keken Kawu

An ce kishi kumallon mata ne. Wanda ya fara faɗin haka bai yi zama da Baban Auta ba.

Mutum ne gajere mai faɗin kafaɗa, ma'aikaci a gidan burodin da ke bayan tashar mota. Tun gashin bakinsa bai fito ba ya shiga wurin. Ya fara daga wanke gwangwanaye da shafa musu mai, har ya kai matsayin da babu kwaɓin da zai shiga tanda sai ya danna shi da yatsa ya ce ya yi. Hannuwansa duk tabon ƙuna ne, girarsa kuwa kullum fari fat da fulawa, har matarsa ke tsokanarsa wai saurayi ta aura aka musanya mata da tsoho. Ba ya ɗaura agogo. Ya ce kwaɓi ne agogonsa, in ya tashi gari ya waye, in bai tashi ba da sauran dare ko da rana ta take.

Sun daɗe ba su ga haihuwa ba, sai da suka fara cire rai Allah ya kawo yarinya, daga ita kuma shiru. Ita ce ta fari, ita ce ta ƙarshe, shi ya sa kowa ke ce mata Auta. Son da yake mata ba ya faɗuwa. Shi ya saya mata kayan makaranta, farar riga da shuɗin siket, kuma bai yarda kowa ya goge su ba sai shi. Kowace yamma zai shimfiɗa bargo a kan tebur, ya bi ninkin siket ɗin ɗaya bayan ɗaya har su yi kaifi, ya rataye a bayan ƙofa. Amma abin haushin, bai taɓa ganinsu a jikinta da tsabtarsu ba. Yana fita kafin zakara ya yi cara, ba ya dawowa sai hantsi ya dubi ludayi. Abin da ke dawo masa da rana shi ne riga da tabon tawada, siket a yamutse, safa ɗaya a sama ɗaya ta zame.

Wanda ke ganinta fes da safe shi ne Kawu.

Kawu wan Maman Auta ne, mai gyaran keke, rumfarsa na can tsallaken babban titi kusa da makarantar. Da yake Maman Auta na fama da ciwon gwiwa, tun ranar farko shi ya ɗauki nauyin kai yarinyar. Dokar makarantar kuwa ba ta da wasa. Da an kaɗa ƙararrawa mai gadi zai ja ƙofa, duk wanda ya zo bayan nan a masu latti za a rubuta shi, ko ɗan waye. Yaron da ya cinye shekara babu fashi babu latti, a ranar hutu za a kira shi gaban taro a maƙala masa lambar yabo a ƙirji.

Kawu ya ɗauki dokar nan kamar shi aka kafa wa. Ya ɗaure ƙaramin matashi a kariyar keken, wurin zaman baya, ya kare tayar baya da kwali don kada safarta ta shiga waya. Da safe zai bi ta ƙofar gidan ya kaɗa ƙararrawar keke ya wuce. Wannan ta sa takalmi ce. Sai ya zagaya layi ya gaisa da mai shayi, ya dawo ya kaɗa ta biyu, Auta ta fito da jaka a baya. Ko ruwa ake yi zai zo, ya lulluɓe ta da leda har kai.

Da farko Baban Auta godiya yake yi. Abin da ya fara sosa masa rai bakin yarinyar ne. Ana cin abinci, "Kawu ya ce a daina cika ciki da dare." Ana kallon talabijin, "Kawu ya ce mai makaranta da wuri yake kwanciya." Ran nan ya ajiye cokali ya ce, "Shi Kawun nan, akwai abin da bai ce ba a duniya?" Maman Auta ta ƙyalƙyale da dariya, shi kuwa bai yi ba.

Ranar hutun ƙarshen shekara ya roƙi mai gidan burodi ya sake shi da wuri. Ya yi wanka har sau biyu, ya sa rigarsa ta fita kunya, ya nufi makaranta ƙirji a gaba. Mai gadi ya tare shi.

"Bawan Allah, wajen wa ka zo?"

"Wajen 'yata. Auta, 'yar aji biyu."

"Ta kan keke? Ai babanta ya shiga tun ɗazu."

Baban Auta ya ji kamar an watsa masa ruwan zafi. Sai da ya yi rantsuwa kafin a bar shi ya wuce, kuma ko da ya shiga an cika, a baya ya samu wurin tsayuwa. Yana nan tsaye shugabar makaranta ta kira sunan 'yarsa, ta ce ta fito tare da wanda ke kawo ta kullum, domin yaro ba ya zuwa a kan lokaci sai da babba a bayansa. Auta ta kamo hannun Kawu. Aka yi ta tafi, mai hoto ya ɗauka. Hoton nan a ɗakin Baban Auta aka rataye shi, saitin inda yake kwanciya, Kawu ya washe baki har kunne.

"Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi," in ji shi da yamma, yana guga.

"Wace kura kuma?" in ji matarsa.

"Ni nake tsayuwa gaban wuta, ni nake gugar nan, wani can da taka feda ya zama uba."

"Haba Baban Auta, Yayana ne fa. Taimakonmu yake yi."

"Na ce ba taimako ba ne?"

Shekara guda ya yi yana haɗiyar abin nan. In Kawu ya gaishe shi, amsar a ciki take tsayawa. Keken ma ya tsane shi: yau ya ce birkinsa bai da kyau, gobe ya ce matashin ya yi datti. Auta kuwa ta ci gaba da zuwa babu fashi babu latti, ta ma zaɓi gefen rigar da za a maƙala lamba ta biyu. Da hutu ya matso, ya tuna za a sake kiran "wanda ke kawo ta", sai abin ya motsa. Ya sami mai gidan burodi suka shirya: da ya zuba gashin farko a tanda zai fita ya kai yarinya ya dawo. Daga nan ya wuce rumfar Kawu.

"Yaya, daga gobe ka huta. Ni zan riƙa kai ta."

Kawu ya ɗago daga bahon ruwan da yake neman hujin tuf ɗin tayar keke a ciki. "To, ai 'yarka ce. Amma aikin naka fa?"

"Na san aikina."

A gida Maman Auta ta ce masa taura biyu ba sa taunuwa, ya yi kunnen uwar shegu. Ya durƙusa gaban Auta ya ce, "Gobe ni zan kai ki. Ki jira ni, kin ji?" Yarinyar ta yi tsalle ta rungume wuyansa. Ranar nan sau biyu ya bi ninkin siket ɗin.

Ruwa ya kwana yana zuba, gari ya wayi da sanyi. Kowane mai burodi ya san abin da sanyi ke yi wa kwaɓi: kwanciya yake ya ƙi tashi. Baban Auta ya danna da yatsa, bai yi ba. Ya matsar da gwangwanayen kusa da tanda, ya rufa musu buhu, ya sake dannawa, da saura. Da mai agogo ne, da ya bar wa abokan aiki ya fita. Amma shi a kansa tunda kwaɓi bai tashi ba, safiya ba ta yi nisa ba, ga kuma gajimare ya rufe rana. Sai da ya zuba gashin farko, ya leƙa waje, ya ga titi babu yaro ko ɗaya mai kayan makaranta. Nan ya sha jinin jikinsa.

Ko rigar aiki bai cire ba ya zura da gudu. Daga nesa ya hango ta a bakin ƙofa, a tsaye, jaka a baya. Farar rigar na ɗaukar ido, ninkin siket a miƙe kamar yadda ya bar shi, safa biyu duk a sama. Karon farko ke nan da ya gan ta haka. Idanunta kuwa sun yi jawur.

Ya saɓa ta a kafaɗa ya ci gaba da gudu, yana tsallake kwatami. Ko da suka iso ƙofa a rufe take, ana jin muryar yara daga cikin aji. Ya sauke ta, sai ya ga shatin hannuwansa na fulawa a kan shuɗin siket ɗin.

"Don girman Allah, Malam," ya ce da mai gadi. "Laifina ne, ba nata ba. Bana ko sau ɗaya ba ta makara ba."

"Na sani, ni ne shaida," in ji mai gadi. "Amma in na ɗaga mata, gobe me zan ce wa wani? Yau ina mai keken?"

Aka rubuta ta a masu latti. Ta shige tana kakkaɓe siket, ba ta waiwayo ba.

Ya koma gida ya cika ya batse, kuma da yake kishi ba ya rasa wanda zai ɗora wa laifi, tun daga tsakar gida ya fara. "Shi Yayan naki, da yake ya fi kowa son yarinya, da ya ga ban zo ba, ba sai ya ɗauke ta ba? So yake a ce na kasa!"

Maman Auta na zaune tana shafa magani a gwiwa. Ta dube shi ta ce, "Ya zo."

"Ya zo?"

"Ya kaɗa ta farko, ya kaɗa ta biyu, har ta uku da bai taɓa yi ba. Ya sauka ya roƙe ta, ni ma na roƙe ta. Ya ce mata lambarta za ta tafi. Tana kuka ta riƙe ƙofar nan ta ce, 'Babana ya ce in jira shi.'"

Baban Auta ya nemi bakin gado ya zauna. Shekara guda yana neman abin da zai nuna masa wa yarinyar ta fi so, ga shi ya samu, kuma ita ce ta biya. Hawaye ya zubo masa, ya share da bayan hannu, fulawa ta ƙara ɓata fuskar.

Da la'asar ya ɗauki burodi mai zafi ya tafi rumfar Kawu. Ya daɗe yana jujjuya wata fedar da ba ta da laifin komai kafin ya ce, "Yaya, gobe ka zo ka ɗauke ta." Can kuma ya ƙara da cewa, "In ba nisa, ku riƙa biyowa ta bayan gidan burodi."

"Zagaye ne," in ji Kawu, yana gutsurar burodin. "Sai dai in rage gaisuwa da mai shayi."

A ranar hutu wasu yaran aka kira, Auta ta tafa musu. Hoton bango har yau guda ɗaya ne.

Yanzu akwai agogo a saman tanda, shi ya sayo ya kafa. Kowace safiya in ya ji ƙararrawar keke sai ya fito ƙofar baya, ya ɓoye hannuwansa a bayansa don kada ya ɓata mata kaya. Ta ce, "Baba, ina kwana," ya ce, "A yi karatu da kyau." Keken ya wuce, hannayenta biyu zagaye da cikin Kawu. Har yanzu wannan riƙon na ci masa rai, kada ma wani ya ce ya warke. Yakan tsaya yana kallo har su sha kwana, sannan ya koma ya danna kwaɓi.